Lissafin Mayawa da Jita-jitar Tashin Alƙiyama

Har yanzu, a majalisun Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, idan hira ta kai ga alamomin ƙarshen zamani, akan sami wanda zai ce ai wasu mutanen da, Mayawa na ƙasar Meziko da Gwatamala, sun yanke wa duniya wa'adi a shekarar 2012, sai dai hisabinsu ya kuskure. Maganar nan tana da gaskiya a cikinta, tana kuma da ƙarya, ya kamata a tsince su.

Gaskiya ne Mayawa gwanayen ilmin falaki ne, domin suna da lissafin kwana 260 na ibadarsu, wanda wasu dattawansu a tsaunukan Gwatamala ke riƙe da shi har yau, da shekarar rana mai kwana 365, da kuma dogon ƙidaya wanda a cikinsa kowane babban zango yake da kwana 144,000, wato kusan shekara 394. Gaskiya ne kuma zango goma sha uku, waɗanda aka faro ƙidayarsu daga shekara ta 3114 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, sun cika ranar 21 ga Disamba 2012, cikin watan Safar na 1434. Da yake ranar ta faɗo Juma'a, wadda hadisi ya tabbatar cewa a cikinta Sa'a za ta tsayu, ba mamaki zukatan waɗansu Musulmi suka raurawa.

Amma cewa Mayawa sun yi bushara da halakar duniya, wannan ba shi da asali. Cikar zangon a wurinsu kamar ƙarewar Zulhajji ce, washegari Muharram ya kama. Hujja kuwa ita ce, a rubutun da suka sassaƙa a birnin Palenke sun ambaci wata rana da za ta zo a shekarar 4772, wanda kuwa ya sakankance duniya za ta naɗe ba zai ajiye alkawari bayan naɗewarta ba. Fassarorin ruhaniyya da aka rataya wa ranar, na buɗewar basira da sabon zamani, aikin marubutan Amurka ne irin su Jose Arguelles a 1987, sa'an nan fim ɗin 2012 da ya fito a 2009 ya watsa tsoron ko'ina. Wani tauraro kuma mai suna Nibiru da aka ce zai yi karo da duniya a lokacin, masana falaki sun bayyana cewa babu shi sam.

Mu kanmu wannan cuta ba baƙuwarmu ba ce. Imamu Suyuɗi, wanda ya taɓa aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha, sai da ya wallafa risala don raddi ga masu cewa al'umma ba za ta haura shekara ta 1000 bayan Hijira ba. Gabatowar shekara ta 1300 kuma ta sa jama'a da yawa a ƙasar Hausa suka ɗaure kaya suka nufi gabas neman Mahadi, alhali Shehu Usmanu tun da farko ya kore wa kansa da'awar zama Mahadi. Ga shekara ta 1500 tana tafe, kuma lalle za a sami masu tayar da irin wannan magana, ko da yake Alƙur'ani ya keɓe sanin lokacin Sa'a ga Allah shi kaɗai, har Manzo, sallallahu alaihi wa sallama, da Jibrilu ya tambaye shi, bai ambaci shekara ba, alamomi kawai ya faɗa.