Sankarar mama: Yadda ƙwayar tamoxifen ke aiki, da gwajin da ya kamata a yi kafin a sha ta

Ba kowace sankarar mama ce iri ɗaya ba. Wata tana girma ne da taimakon istirojin, sinadarin da jikin mace ke samarwa. A cikin ƙwayoyin irin wannan ƙari akwai wata kafa mai kama da kwaɗo, istirojin kuma shi ne mabuɗinta. Da zarar ya shiga, sai ƙwayoyin su kama hayayyafa.

Tamoxifen mabuɗi ne na bogi. Yana shiga kwaɗon ya zauna, bai buɗe ba, bai kuma bar na gaskiyar ya shiga ba. Tun 1896 wani likita a Glasgow, George Beatson, ya lura cewa cire kwan mace na sa ƙarin wasu ya lafa. An amince da amfani da tamoxifen a Birtaniya a 1973, kuma shan sa kullum na shekara biyar yana rage mace-mace da kusan kashi ɗaya bisa uku.

Sai dai hakan ga masu kwaɗon ne kaɗai. Idan ƙari ba shi da shi, shan maganin ɓata lokaci ne. Gwajin tsokar da aka yanko ne ke bambancewa, kuma a nan gizo ke saƙar. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka wallafa a 2009 ya samu kwaɗon a kashi 24 cikin ɗari kacal na matan Najeriya da Senegal da aka gwada. Wani kuma da aka yi a Ibadan a 2008 ya samu kusan kashi 65. Masana na ɗora wani ɓangare na wannan tazara kan yadda ake adana tsokar: idan aka yi jinkirin tsoma ta cikin ruwan fomalin, alamar kan dusashe, gwaji ya ce babu alhali akwai.

Ga macen da ke Bagega, ko wani ƙauye a Gummi da Bukkuyum, wannan ba ƙaramin batu ba ne. Manyan asibitocin koyarwa na Sakkwato da Shika suna da nisa, hanya kuma ba tsaro. Ƙwayar da ake haɗiya a gida ta dace da halin da take ciki, amma dai sai ta nemi a gwada tsokar, ta kuma karɓi sakamakon a rubuce.

Maganin ba ya maye gurbin tiyata. Yana kawo jin zafin jiki da gumi, a wasu ƙalilan kuma daskarewar jini ko sankarar mahaifa, don haka duk zubar jinin da ba a saba gani ba sai a kai wa likita. Mai juna biyu ba ta shan sa.