Bakin Ruwa a Ƙasar Tudu

Wanda ya fito daga Kano ta Kabuga ya miƙe hanyar Gwarzo ba zai yi zaton akwai masunta a gabansa ba. Dama da hagu gonakin dawa ne da masara, da ɗorawa da mangwaro jefi-jefi, har ya wuce Rimin Gado ya faɗa ƙasar Kabo. Teku tana can Legas, tafiyar kilomita wajen dubu. Amma da zarar an ratse daga kwalta zuwa Guzuguzu ko Magaga, sai a tarar da kwale-kwale a ɗaure, ga taru a shanye a kan rairayi, ƙarnin kifi ya cika wurin.

Ruwan nan ba gadonsa aka yi ba, tare shi aka yi. Tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, aka ɗauki gina madatsun ruwa da gaske, kuma farin da ya cinye amfanin gona da dabbobi a 1973 ya ƙara nuna hikimar hakan. Tiga aka fi sani, amma yammacin jihar ma ya samu rabonsa: Guzuguzu da Magaga a wajen Kabo, Pada a Gwarzo, sannan a 1992 aka kammala babban dam ɗin Challawa a maƙwabciyarsu Karaye. Rafukan da a da ke ƙafewa bayan kaka, har a riƙa tonon yashi ana ɗiban ruwa da ƙwarya, suka zama tafkunan da ke kai wa ga wata damina.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda mutanen tudu suka koyi ruwa. Dattijon da bai san komai ba sai fartanya da garma, yau jikansa na jefa birgi yana tsaye a kan kwale-kwale ko gezau. Wasu har yanzu gora suke hawa: mutum ya kifa ciki a kanta, yana tuƙi da hannu yana bin ƙugiyoyin da ya ɗana tun daren jiya, abin da ya kama ya jefa shi ta bakin gorar. Da hantsi ake fitowa gaɓa, inda 'yan sari ke jira da daro. Karfasa ce ta fi yawa, sai tarwaɗa.

"Baba, nawa za ka bar mini daron nan?"

"Kai dai taya, yaro."

Ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a sallama. Kafin la'asar kifin ya sha yaji, yana cikin kaskon masu suya a bakin tasha.

Sai dai kamun kifi ba shi ne babbar riba ba. Noman rani ne ya sauya ƙauyukan. Da can idan an gama girbi samari sai su ɗaure kaya su tafi cin rani Kano ko Kurmi, a bar gari da tsofaffi da mata. Yanzu wanda ke da ɗan fili kusa da ruwa ya ga ta zama. Injin ban-ruwa na ta ƙara tun asuba, ana kora ruwa cikin fangali, ga tumatur da albasa da attaruhu kore shar a tsakiyar hunturu. Wanda ba shi da fili kuma yana samun ƙwadago, ko na dashe ko na tsinka. Kukansu ɗaya ne kowace shekara: tsadar fetur da taki, da kuma ranar da tumatur zai yi kwantai, kwando ya kasa biyan kuɗin motarsa.

Ruwan kuma yana da nasa haraji. Akwai gonakin gado da suka nutse tun ranar da aka tare shi, masu gonakin suka koma tudu. Akwai sauro, da tsargiya ga yaran da ke wuni suna ninƙaya. Makiyayi na neman hanyar mashaya, mai lambu ya shinge ta da ƙaya, rigimar da kan kai gaban mai gari kusan duk rani. Mutanen yankin ba su manta da watan Nuwamba na 2021 ba, lokacin da jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, ya halaka mutum fiye da ashirin, yawancinsu 'yan Islamiyya masu tafiya Mauludi.

Duk da haka, tambayi masunci a nan sana'arsa, sau da yawa manomi zai ce maka. Idan ruwan sama ya sauka, kwale-kwalen jira yake yi sai an gama shuka. Laka kuwa na ta taruwa a gindin dam-daman, ciyawar kacala na cin gefensu, masu lambu na ƙaro tiyo suna bin ruwan duk inda ya janye.