Kafin ka dasa mangwaro a Nyanya, fara auna inda sokawe yake

A daminar bara ne muka sare mangwaron da ke tsakar gidan da nake haya a nan Nyanya. Shekararsa tara, ni na dasa shi da hannuna, kuma ni na biya mai injin yanka itace ya zo ya kwantar da shi. Laifinsa ɗaya ne: na dasa shi taku huɗu kacal daga ramin sokawe. Saiwa ta bi danshi ta shiga tsakanin bulo, bangon ramin ya tsage, wari ya hana mu zama a waje da yamma. Mai gida ya ce ko in gyara ko in nemi wani wuri, kuma wallahi yana da gaskiya. Kuɗin gyaran ya haura abin da zan kashe in sayi mangwaro a kasuwa tsawon shekaru.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni abin da zai shuka a gida, ba da sunan bishiya nake farawa ba. Sai in ce masa: ina sokawenka, ina rijiyarka, ina wayar wuta ta bi, kuma gidan naka ne ko na haya?

Nyanya ba Maitama ba ce. Asalinta matsugunin ma'aikatan da suka gina Abuja ne, filayen ƙanana, gida manne da gida, har ka wuce Mararraba ka shiga jihar Nasarawa ba ka ga tazara ba. Yawancinmu mun taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da ɗabi'ar gida, inda ake barin dogon yaro ko ceɗiya a ƙofar gida su yi girman da suka ga dama. A can akwai fili, ruwan sama kuma kaɗan ne, bishiya a hankali take tafiya. A nan damina tana farawa tun Afrilu ta kai Oktoba, ruwan shekara ya haura milimita 1,000 nesa ba kusa ba. Abin da zai ɗauki shekara goma a Katsina, a nan shekara biyar ya isa ya taɓa kwanon ɗaki. 'Yan uwanmu na Agege a Legas da na Fatakwal, lamarinku ya ma fi namu, don ruwanku ya fi yawa.

Manyan itatuwa irin su mangwaro, dogon yaro, malaina da turare, kada su kusanci bangon ɗaki ko sokawe ƙasa da mita 6, in da hali ma 8. Ceɗiya da durumi da gamji kuwa, ka bar su a dandali da ƙofar masallaci, saiwarsu ba ta jin bari. Akwai wata da ta cika Abuja yanzu, mai rassa hawa-hawa kamar lema, da ake kira ambirela. Tana da kyau, inuwarta tana zuwa da wuri, amma saiwarta a sama-sama take gudu. Je ka duba duk inda aka dasa ta a tsakiyar intalok, bayan 'yan shekaru za ka ga duwatsun sun tashi kamar kunyar dankali. In filinka bai kai ba, gwaiba, lemun tsami, gwanda da zogale sun ishe ka. Mita 3 daga bango ta wadatar da gwaiba da lemo. Gwanda da zogale ma ba sa buƙatar haka.

In dai dole sai mangwaro, to ka nemi ɗan aure a wajen masu sayar da dashe na bakin titi. Duba gindinsa, za ka ga tabon inda aka haɗa shi. Ɗan aure yakan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, kuma ba ya yin tsawon na ƙwallo, wanda sai ka jira shekara 6 ko fiye, ƙarshe ma ba lalle ya ɗauko zaƙin uwarsa ba. Nawa na ƙwallo ne. Kuskure biyu ke nan a rami ɗaya.

Lokacin dashe shi ne watan Mayu zuwa Yuni, bayan ruwa ya zauna. Ruwan farko na Maris ko farkon Afrilu yaudara ce, ana iya yin sa a ɗauke sati biyu, rana ta ƙone maka dashe. Ƙasarmu a nan ja ce, mai marmara, da rani kamar siminti, kuma a gidaje da yawa in ka haƙa za ka tarar da ɓaraguzan gini da leda a ƙasa. Haƙa rami ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu zurfi, ka tsince tarkacen, ka gauraya ƙasar sama da takin gargajiya da ya ruɓe sosai. Kashin kaji yana samuwa a gonakin kaji na wajen Karshi da Orozo, amma ɗanyensa wuta ne, yana ƙone saiwa. Tara shi gefe, kana yayyafa ruwa, ya yi kamar wata biyu har warin ya mutu. Cire ledar dashen kafin ka sa shi, kuma kada ka binne wuyansa fiye da yadda yake a cikin ledar. Mutane da yawa a nan suke kashe gwanda: su binne ta da zurfi a kwari, ruwan Agusta ya kwanta, gindin ya ruɓe. Ita tudu take so.

Sai maganar gara, wadda ita ce babbar abokiyar gaba daga Nuwamba zuwa Maris. Ana ba da shawarar a rufe gindin bishiya da busasshiyar ciyawa don riƙe danshi, kuma shawara ce mai kyau, sai dai in ciyawar ta taɓa jikin itacen ka gina wa gara gada ne. Bar tazarar kamu ɗaya tsakani. Ni ina zuba tokar murhu zagaye da gindin, ina haɗa ganyen dogon yaro a cikin abin rufin. Ba ya kashe su duka, amma yana rage su, kuma abin da na lura shi ne itacen da ke jin ƙishirwa shi gara ta fi kama. Baƙin mai na inji da wasu ke zubawa kuwa, don Allah a daina. Yana kashe ƙasa, kuma a unguwar da rijiya take kusa da rijiya, ruwanmu yake komawa. Awaki ma kada a manta da su. Tsohon kwando ko bulo huɗu da raga sun isa, in ba haka ba akuyar maƙwabci za ta gama da aikinka cikin minti biyar, zumunci ya samu tabo.

Yanzu ga ciyawar ado, wadda matasa masu sabon gini suka fi tambaya. Kowa ya wuce ta Asokoro ya ga koren fili sai ransa ya biya. Bari mu yi lissafi. Da rani, kafin ciyawa ta zauna kore shar, kowace murabba'in mita tana shan kusan lita 25 a mako. Fili mai mita 4 da mita 5, wato murabba'i 20, zai sha lita 500. Jarka 20 ke nan ta lita 25, duk mako, daga Nuwamba har Afrilu. Ka tambayi ɗan garuwan layinku nawa ne kura ɗaya a watan Maris, sai ka ninka. In ba ka da rijiyar burtsatse taka ta kanka, gaskiya ban ba ka shawara ba.

In ka nace, ka rage faɗin, ka zaɓi irin da ya dace. Wadda ake kira Bahama, 'yar uwar ƙiri-ƙirin da muka sani a gida, tana son rana, tana jure tattaki da fari. Za ta yi ja da hunturu kamar ta mutu, ruwan farko ya sauka ta farfaɗo. Mai faɗin ganye da ake kira kafet ta fi jure inuwa amma ta fi shan ruwa. Ana dasa su ne da saiwa, tsinke-tsinke, tazarar kamu ɗaya, a farkon damina, cikin wata biyu zuwa uku su haɗe. Wajen yanka, kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a lokaci guda. Kada kuma ka bar ta ta yi duhu, don sauro da maciji suna son haka. Gidan da ke kan gangare, irin na ɓangaren Kugbo, ya fi buƙatar layin jema a inda ruwa ke zaizaya fiye da ciyawar ado, saboda saiwar jema ƙasa take nutsewa ta riƙe ƙasar.

Ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka da na wanke shinkafa, duk itace yana sha. Na haƙa ɗan kwalbati daga inda muke alwala zuwa gindin gwaiba, ban ƙara sayen mata ruwa ba. Wanda ke da bilic ko garin sabulu mai yawa kawai nake zubarwa a kwata.

Sassabe ma yana da ƙa'ida. Mangwaro bayan an gama cin 'ya'yansa ake rage masa rassa, ba lokacin fure ba. Reshe mai nauyi, fara tsaga shi kaɗan ta ƙasa, sannan ka yanke ta sama, don kada ya faɗi ya ɓare bawon har gindi. Kada ka bar guntun kututture, kada kuma ka shafe shi daf da jiki, bar ɗan kumburin da ke gindin reshen, ta nan yake warkewa. In ka ga kauci ya kama gwaiba ko lemo, sare reshen gaba ɗaya tun yana ƙarami. Reshen da ya kai wayar lantarki kuwa ba aikin yaro da adda ba ne, musamman da damina. A sanar da ma'aikatan wuta su kashe layin tukuna.

Ga 'yan haya irina, ka nemi izinin mai gida kafin ka haƙa ko rami ɗaya, kuma ku yi magana a kan wa zai ɗauki nauyi in an samu ɓarna. In ya ƙi, buhu yana nan. Tsohon buhun shinkafa, a huda gindinsa, a cika da ƙasa da taki, yana ɗaukar alayyahu, yakuwa, attaruhu da tumatir. Zogale ma yana zama a rabin duro, in kana datse kansa da ya kai ƙugu sai ya yi rassa da ganye maimakon tsawo. Ranar tashi ka ɗora abinka a mota.

A gurbin mangwaron nan yanzu buhu shida ne da gwanda biyu. Sabon ɗan auren da na sayo yana can ƙarshen gidan, bayan na auna da igiya a gaban mai gida: mita 7 da rabi daga sokawe.