Canjin Gilashin Tabarau Mai Firam Na Ƙarfe: Inda Gizo Ke Saƙa

Da zarar hunturu ya kama ko bazara ta tsananta, sai ka ga tabarau na rana ya cika fuskokin ma'aikata da ɗalibai, musamman irin mai siririn firam na ƙarfe wanda ake kwaikwayo daga samfurin da kamfanin Bausch & Lomb ya fara sayarwa a Amurka a 1937 da sunan Ray-Ban, bayan ya ƙera shi domin matuƙan jiragen sama. Firam ɗin yakan daɗe, amma gilashin ba ya daɗewa. Ko ya karce, ko ya tsage, ko kuwa likita ya rubuta wa mai shi gilashin magani, shi kuma ba ya son rabuwa da firam ɗin da ya saba da shi. To, a nan ne mutane da yawa sukan nufi teburin mai gyaran agogo a bakin kasuwa, suna zaton aikin bai wuce kwance kusa da mayar da ita ba.

Kwance kusar kam ba wuya. Bakin firam na ƙarfe zobe ne mai ɗan kwari a ciki, gefen gilashi kuma an feƙe shi ya yi tsini domin ya zauna cikin wannan kwari, sa'an nan wata 'yar kusa ta haɗe bakunan zoben biyu a kusa da hannun tabarau. Wahalar ita ce ƙarfe ba ya miƙewa. Firam na roba ana ɗumama shi ya buɗe ya karɓi gilashi, ya huce ya kama shi, amma na ƙarfe yadda aka ƙera shi haka yake. Idan sabon gilashin ya yi ƙaranci, ko da da kaɗan ne, sai ya riƙa motsi har ran da zai faɗo a tsakiyar titi. Idan kuwa ya yi girma, bakunan zoben ba za su haɗu ba, mai gyara kuma in ya matsa kusar da ƙarfi sai gefen gilashin ya ɓalgace, in na roba ne ya lanƙwashe ya ɓata gani. Ƙwararru sukan rage wanda ya yi girma a kan dutsen injin kaɗan-kaɗan suna gwadawa, wanda ya yi ƙaranci kuma su shimfiɗa masa siririn zaren roba a cikin kwarin. Gam mai saurin kamawa, wanda shi ne makamin farko na masu gyaran bakin hanya, yakan bar farin tabo a gilashi, ya kuma toshe kwarin yadda gyara na gaba ba zai yiwu ba.

Abu na biyu shi ne lanƙwasa. Gilashin rana yakan zo da ƙusumbi sosai domin ya rufe ido, ana auna wannan da lamba, mafi yawa 6, masu zagaye fuska kuma 8. Gilashin mai fama da rashin ganin nesa kuwa ya fi shimfiɗewa, yawanci tsakanin 2 da 4. Idan aka tura shimfiɗaɗɗen gilashi cikin lanƙwasasshen zobe, zoben ne zai bi gilashin, hannuwan tabarau su wage, ya koma yana zamewa kan hanci duk sa'ad da mai shi ya sunkuya bisa takarda. Mutane sukan ɗora laifin a kan hannuwan su yi ta lanƙwasa su a bayan kunne, alhali ciwon yana gaba.

Amma kuskuren da ya fi duka illa shi ne wanda ba a gani da ido. Mai karatu ya duba cikin hannun tabaransa, zai ga lambobi kamar 58, 14, 135. Na farko faɗin gilashi ne a milimita, na biyu faɗin gadar da ke kan hanci, na uku tsawon hannu. In an haɗa 58 da 14 an sami 72, wato tazarar da ke tsakanin tsakiyar zobe ɗaya da ta ɗaya. Ita kuwa tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idon baligi yawanci ba ta wuce 60 zuwa 66. Ke nan mutumin da tasa 62 ce, tilas a matso da cibiyar kowane gilashi milimita 5 wajen hanci kafin a yanka shi. Gilashin rana marar magani bai damu da wannan ba, shi ya sa mai gyaran da bai koyi aikin ba ba ya ma sanin akwai shi.

Gilashin magani in aka duba ta wajen cibiyarsa karkatar da haske yake yi, kuma bisa ƙa'idar Prentice da ake koyar wa ɗaliban wannan fanni, yawan karkatarwar shi ne ƙarfin gilashin sau nisan kuskuren a santimita. Mai ƙarfin 4 wanda aka yi wa kuskuren rabin santimita zai sami karkata ta awo 2 a kowane ido. Jijiyoyin ido za su yini suna fama don haɗa hoton wuri ɗaya. Sakamakon shi ne ciwon kai da yamma, da nauyin ido, wani lokaci har ganin abu biyu-biyu. Ma'aikaci ya zargi yawan aikin ofis, ɗalibi ya zargi karatun dare, su yi ta shan maganin ciwon kai. Idan kuwa kuskuren na sama da ƙasa ne, wato cibiya ɗaya ta ɗara ɗaya tsayi, ido ya fi kasa jurewa, kuma 'yan matasan hancin nan biyu in ɗaya ya lanƙwashe kaɗai ya isa ya jawo haka.

Akwai kuma batun duhun gilashin. Duhu ba shi ne kariya ba. Gilashi mai duhu yana sa ƙwayar ido ta buɗe, in kuwa ba ya tare hasken ultrabayolet, sai ya zama an ƙara wa abin da ake gudu ƙofa, shi kuwa wannan haske yana cikin abubuwan da ke hanzarta yanar ido. Wanda ake nema shi ne mai alamar UV400. Direba kuma ya lura da cewa rukuni na 4, mafi duhu, bai dace a tuƙa mota da shi ba. Rukuni na 3 ne na yau da kullum.

Tun 1989 Doka mai lamba 34 ta kafa hukumar da ke yi wa likitocin awon ido da masu haɗa tabarau rajista a Nijeriya, saboda haka mai neman canjin gilashi yana da ikon tambayar shaidar rajista kafin ya miƙa firam ɗinsa. Ya tafi da takardar likita, ya tafi da tsohon gilashin ko da ya tsage domin a ɗauki siffarsa, ya kuma tabbata an auna tazarar idanunsa yana sanye da firam ɗin. In ƙarfin maganinsa ya yi yawa, mai yiwuwa a gaya masa faffaɗan firam irin wannan zai sa gefen gilashin ya yi kauri har ya fito waje da zoben, a ba shi shawarar ya nemi ƙarami.