Yadda Kwamfuta Ke Juya Madubai 7,400 Su Bi Rana

Ka taɓa ɗaukar guntun madubi kana yaro, ka haska rana a bangon maƙwabta? In ka tuna, da hannunka ya ɗan motsa sai hasken ya yi tsalle can nesa. To, matsalar da injiniyoyi ke fama da ita ke nan a tashoshin lantarki masu tattara hasken rana.

A Warzazat ta ƙasar Maroko akwai tashar Noor III, wadda ta fara aiki a 2018. Madubai 7,400 ne suka kewaye wata hasumiya mai tsawon sama da mita 240, kowanne yana mayar da hasken rana zuwa ƙololuwarta. A can sama akwai bututai da narkakken gishiri ke bi ta ciki. Gishirin ya yi zafi har digiri 565 a ma'aunin Salshiyos, ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin da ke ba da megawat 150.

Sai dai fa rana ba ta tsayawa. Tana tafiya kimanin digiri 15 a kowace awa. Madubin da ke nisan kilomita 1 daga hasumiya, in ya tsaya cak na minti ɗaya, haskensa zai goce da kusan mita 4. Ga kuma wani abu: duk kuskuren da madubi ya yi wajen karkata, hasken ninka shi yake yi. Kuskuren digiri 0.1 a jikin madubi ya zama 0.2 a haske, wato mita 3.5 a wannan nisan.

Za ka yi zaton madubin kallon rana yake yi yana binta. A'a. Lissafi ne. Ana ba kwamfuta kwanan wata, da lokaci, da inda aka kafa kowane madubi, ita kuma ta fitar da inda rana take, ta umarci ƙananan injina biyu su juya shi ya fuskanci tsakiyar rana da hasumiya.

Matsalar ita ce, madubin da ke cikin lissafi lafiyarsa lau, na fili kuwa ba haka yake ba. Iska na kaɗa shi, nauyinsa na lanƙwasa shi, ginshiƙinsa na iya ɗan karkacewa, na gaba kuma na tare wa na baya haske. Shi ya sa masu bincike ke gina tashar gaba ɗaya a cikin kwamfuta. Manhajoji irin su SolTrace, ta cibiyar NREL da ke Amurka, suna harba miliyoyin zaren haske na kwaikwayo, su bi kowanne su ga inda ya sauka. A fili kuma ana sa madubi ya haska wani farin allo a jikin hasumiya, kyamara ta auna yawan gocewarsa, a gyara lissafin.

Yanzu ga inda abin ya fi tsauri. In duk madubai suka saita wuri ɗaya, zafi zai lalata bututan. In hasken ya yi kaɗan, gishirin ya fara daskarewa wajen digiri 240, ya toshe su. Don haka kwamfuta ce ke raba wa kowane madubi inda zai haska, wasu sama wasu ƙasa, ta kuma sake rabon duk lokacin da gajimare ya gifta.

Me ya sa ake shan wannan wahalar alhali ga farantan sola? Saboda zafi yana ajiyuwa. An tsara Noor III ta ci gaba da ba da wuta sama da awa 7 bayan faɗuwar rana, daga gishirin da aka tara a tanki. Wutar da za a sha da daddare ta dogara ne da yadda madubai suka saitu tun da hantsi.