Ma'aunin zafi a cikin ƙwayar halitta

Likita kan sa ma'auni a hamatar majinyaci ya karanta zafin jiki ɗungurungum. To, a shekarar 2013 masanan jami'ar Harbad ta Amurka suka cusa ƙurar lu'ulu'u cikin ƙwayar halitta guda mai rai. In an haska ƙurar da koren haske sai ta mayar da ja, daga jan nan kuwa ake gane zafin wurin. Fatansu a ƙona ƙwayar ciwon daji ba a taɓa maƙwabciyarta ba.

Amma da sauran rina a kaba. A 2018 masu bincike a Paris, da wani rini mai ƙyalli, suka ce sashen da ke ba ƙwaya ƙarfi yana kusan digiri 50. Alhali tun 2014 takwarorinsu na Marsai sun lissafa cewa abincin da ƙwaya ke ƙonawa ba zai ɗaga zafinta ko da digiri 1 ba.