Ga Jami'a a Bakin Ƙofa, Ina Littafin Yaron Dundaye?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya san Dundaye. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Wamakko, yana maƙwabtaka da jami'ar da aka kafa a 1975, har ɗalibai da dama suna kama hayar ɗaki a cikinsa. Ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo yana nan kusa, maƙare da littattafai. Amma tsayar da yaro ɗan aji uku ka tambaye shi wane littafin labari ne nasa na kansa a gida, sau da yawa sai ya sunkuyar da kai.

Yaro yana tsintar magana a bayan uwarsa ba tare da an zaunar da shi ba. Karatu kuwa sai an koyar. Dole ya fara gane cewa kalma sautuka ne da aka harhaɗa, ya san baƙin da ke wakiltar kowane sauti, sannan ya iya haɗa "ka" da "za" ya ji kaza ta fito. A nan Hausa ta yi mana gata: wasula biyar ne, kuma kusan kowane baƙi sautinsa ɗaya. Malaman makarantar allo sun daɗe da sanin wannan tsani, shi ya sa suke farawa da babbaƙu, su wuce farfaru, kafin yaro ya kama haɗa kalma. Abin da ke karya gwiwar yaro shi ne a haɗa masa wahala biyu lokaci guda, wato koyon baƙi da koyon Turancin da bai taɓa ji a gida ba.

Irin wannan fahimta ce ta haifar da littattafan "Mu Karanta!" na 'yan aji ɗaya zuwa uku, waɗanda wani shiri na hukumar USAID ta Amurka ya kawo makarantun firamare a jihohin Sakkwato da Bauchi. Aiki ne mai kyau. Sai dai iya harhaɗa baƙi daban, son littafi daban. So yana shiga ne ta kunne, ta hanyar labari. Yaron da ya saba sauraron kakarsa tana ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ranar da aka nuna masa cewa irin wannan daɗin yana kwance a takarda, shi da kansa zai riƙa bin ka da littafin. Kada a hana shi tambaya, kada kuma a gaji idan ya ce a maimaita labarin jiya. A maimaicin yake riƙe kalmomi.

Kai ilimi har ƙofar gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura jajinta, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata.

Saboda haka kirana ga ɗaliban da ke zaune a Dundaye ne. Ku nemi izinin iyaye, ku shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan La'asar, ku karanta wa yaran maƙwabta shafi biyu na Magana Jari Ce. Idan kun kammala karatunku za ku tafi, ku bar musu littafin.